Na Kai Masara Uku Samaru

Litinin: daga gida zuwa Funtuwa

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito daga gida, da jakar fata a kafaɗa. A cikinta akwai masara guda uku, da littafina na ajin yaƙi da jahilci, da fensir. Mil huɗu ne daga ƙauyenmu zuwa titin da ya taso daga Malumfashi, kuma a ƙasa na taka su.

Bari in faɗi abin da ya fitar da ni. Bara ƙungiyarmu ta manoma ta shuka sabon irin nan da ake kira masara mai aure, ta yi kyan da ba mu taɓa gani ba. Ni na ba da shawara mu yi yadda iyayenmu ke yi: mu zaɓi manyan, mu ajiye iri, kada mu sake saye. Aka yarda, aka ba ni mabuɗin ɗakin iri. Bana muka shuka, sai gona ta fito kamar taron kasuwa, wannan doguwa, wannan gajera, wata ko goyo babu. Shugabanmu, Alhaji Mati, ya ce a gaban jama'a wai na sayar da irin kirki na cika buhu da tsohuwar masara. Ya karɓe mabuɗin. Shekarata arba'in da bakwai, ba a taɓa kirana maha'inci ba sai ranar.

Ƙarfe shida da rabi na sami a-kori-kura mai ɗauke da buhunan barkono, naira biyu zuwa Funtuwa. Mun yi ta atishawa har Bakori. Ƙarfe takwas muka sauka. Na sha koko da ƙosai na sule biyar, na nemi ofishin malamin gona. Malamin ya juya masarar a hannunsa, ya ce yana da zato, amma zato ba zai wanke ni ba. Ya rubuta mini 'yar takarda zuwa ga wani Dakta Garba a gonar bincike ta Samaru. Da na fito na tsaya gindin bango na karanta ta da kaina, a hankali, sau biyu.

Funtuwa zuwa Samaru

Bas ba ta cika ba sai sha ɗaya da kwata. Naira huɗu, tafiyar kusan mil arba'in. Kafin Giwa 'yan sanda suka tsayar da mu. Ɗaya ya leƙa jakata ya tambaya ina zan kai masara uku. Na ce asibiti. Direba ya ce a yi sauri, ranka ya daɗe, marasa lafiya ne a motar. Ɗan sandan ya yi dariya ya ɗage katako.

Ƙarfe ɗaya da rabi na sauka. Na sauka wurin Iliya, mutumin garinmu, ɗan majami'armu, wanda ke aikin lebura a gonar. Ya ce Dakta ya fita rangadi sai gobe. Matarsa ta yi mana tuwon masara da miyar kuka. Na ci, amma kowace loma sai ta tuna mini da Alhaji Mati.

Talata: a gonar bincike

Ƙarfe tara Iliya ya shigar da ni. Dakta Garba siriri ne, Bakatsine, takalminsa duk laka. Bai bar ni na tsuguna ba, ya jawo mini kujera. Da ya ga masarar, tun ban gama bayani ba ya ce, "Baba, jikoki ka shuka."

Ya bayyana mini cewa masara mai aure uwa daban take da ita, uba daban, su ma'aikata ke haɗa su da hannu. 'Ya'yan farko duk kamarsu ɗaya. Amma in aka shuka 'ya'yan 'ya'yan, sai gadon ya watse, wannan ya ɗauko kaka ta wajen uwa, wancan ya ɗauko na wajen uba. Na tambaye shi ina ƙwayar masara ke ajiye wannan gado, alhali na sha fasa ta ban ga komai ba sai gari.

Ya ce a cikin kowace ƙwaya akwai wani abu kamar zare, wanda ko madubin ƙara girman abu da ke kan teburinsa ba ya nuna abin da ke jikinsa. A jikin zaren an jera abubuwa iri huɗu, bi da bi, kamar haruffa, kuma jerin ne ke faɗa wa shuka tsawonta da launinta da ranar da za ta yi goyo. Ya jawo takarda ya rubuta sunayen da masana suka ba su. Kafin ya buɗe baki na ɗora yatsa na karanta: A, T, G, C. Ya ɗago ya dube ni. Na ce shekarata uku a aji. Iliya ya gyara tsayuwa kamar shi aka yaba.

Dakta ya ƙara da cewa waɗannan huɗun su ne a jikin dawa, da akuya, da ni, da shi. A nan na manta da abin da ya kawo ni. Na ce, "To Dakta, wa ya rubuta?"

Ya yi murmushi. Ya ce shi aikinsa karatu ne, kuma a ɗakin nan bai taɓa ganin hannun marubuci ba. Masana da yawa, in ji shi, suna ganin jerin ya taru ne a tsawon zamanin da ba ya ƙirguwa: wajen kwafe shi daga uwa zuwa ɗa akan yi kuskure, kuskuren da ya cuci shuka ya mutu da ita, wanda ya amfane ta ya yaɗu. Iliya ya ce Allah Ya sawwaƙe. Dakta ya ce masa ya kwantar da hankali, shi ma ba ya fashin salla, amma ba zai ce madubi ya nuna masa abin da bai nuna ba.

Na ce ni dai na san kuskure, don abokina ne. Shekara uku ina yin sa a kan allo, bai taɓa gyara mini wasiƙa ba ko sau ɗaya. Kuma ban taɓa barin littafina a buɗe na dawo na tarar haruffa sun jeru da kansu sun rubuta sunana, Bawa, ba. Na ce in na ga takardu uku da hannu iri ɗaya, nakan ce mutum ɗaya ya rubuta su.

"Ko kuma duk daga takarda ɗaya aka kwafo su," in ji Dakta.

"To ita ta farkon fa?"

Ya ce a nan masana ma suna ta bincike, ba su gama ba. Sannan ya ce in zo in ga wani abu. Muka taka zuwa wani fegi na dawa gajera, iyakarta ƙirjina, kanta cike. Ya ce asalin gajartar nan canji ne da ya faru wajen kwafi, ga shi kuma iska ba ta kayar da ita. Na tsaya ina kallo. Na ce zan tafi da maganarsa gida in yi ta juyawa. Ya ce shi ma zai riƙe tawa.

Kafin azahar ya rubuta takarda da Hausa, ya buga hatimi. Ya gargaɗe ni cewa takardar za ta wanke ni daga ha'inci, amma ba za ta ɓoye cewa ajiye irin kuskure ne ba. Na ce ya rubuta duka.

Laraba: komowa

Ƙarfe bakwai na bar Samaru. Fijo na samu, naira biyar, mu huɗu a baya. Tun daga Shika nake tunanin dawar nan. Abin da na tsaya a kai shi ne, ko da kuskure yakan haifi alheri, sai da rubutu ake kuskure. Wannan ra'ayina ne, ban ce Dakta ya yarda ba. Ƙarfe goma ina Funtuwa, sha biyu da rabi na sauka a mararrabarmu, na sayi rake na sule biyu na kama hanya.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan mai unguwa, Kirista da Musulmi, duk wanda ya shuka irin. Na fito da takardar zan karanta, sai Alhaji Mati ya ce wanda ake tuhuma ba ya karanta wa kansa shaida, don yana iya faɗin abin da ya ga dama. Na ce maganarsa daidai ce. A bari in karanta, sannan a kira hedimasta ya maimaita, in an sami bambancin kalma ɗaya na yarda da laifin.

Na karanta. Da na zo inda aka ce shawarar ajiye iri ita ta jawo asarar, ban tsallake ba, na ma ƙara ɗaga murya, don shawarata ce. Hedimasta ya karɓa ya karanta. Jama'a suna bin sa, har ya kai hatimi, ba a sami bambancin kalma ɗaya ba.

Sannan Alhaji Mati ya sa hannu a aljihu ya miƙo mabuɗin, ya ce, "Malam Bawa, ka yafe mini." Na ce ni ma a yafe mini masarar bana.

Ina gode wa malamin gona na Funtuwa, da Iliya da mai ɗakinsa, da Dakta Garba wanda ya yi musu da ni kamar sa'ansa, da malaminmu na aji. Godiya mafi girma ga Wanda ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Wannan labari da hannuna na rubuta shi, kwana tara ya ɗauke ni.