Ɓurɓushin Bangon Cocin Misis Dorati

Greensboro, Talata

Muna idar da sallar asuba maigidana Alhaji ya tayar da mota daga gidanmu na Glenwood. Ziyarar ɗanmu Nasiru za ni, yana karatu a Leicester ta ƙasar Ingila, amma ina ɗauke da saƙon da ya fi akwatina nauyi. Misis Dorati, tsohuwar da nake jinya a gidanta a Sedgefield, 'yar Ingila ce, aure ya kawo ta Amurka tun da ƙuruciya. Likita ya riga ya gaya mata jikin ba mai tashi ba ne. Da ta ji zan yi tafiya, ta riƙe mini hannu ta ce in ɓallo mata ɗan dutse daga bangon cocin ƙauyensu, ko kamar ƙwayar gyaɗa, a saka mata a kabari tunda a nan za a binne ta.

"Hajiya, ke da guduma a jikin cocin mutane?" in ji Alhaji a hanya. "Ni dai ba zan zo beli ba."

Na ce ya kula da titi. Ni ma baƙuwa ce a ƙasar nan, na san abin da tsohuwar ke ji.

A filin jirgi an sa mun cire takalma, wata ma'aikaciya ta lalube ɗankwalina tana ba ni haƙuri. Ƙaramin jirgi ya kai mu Philadelphia, na yini a kujera, da yamma muka hau babba.

London zuwa Leicester, Laraba

Da hantsi muka sauka, ana yayyafi. Nasiru ya tarbe ni, ya rame kamar ba a sayar da abinci a garin. Muka hau doguwar bas, tafiyar kusan awa huɗu. Ya bar mini gadonsa ya kwana a ƙasa, ya kuma dafa mini shinkafar da ba zan tona masa asiri a kanta ba.

Ƙauyen, Asabar

A motar abokinsa muka tafi, ta wata siririyar hanya, tumaki dama da hagu. Tun daga nesa muka hango hasumiyar cocin, mai kusurwa huɗu, da dutse ruwan zuma. Ban taɓa shiga coci ba, na ɗan tsaya a bakin ƙofa, sannan na yi bismilla na shiga.

Misis Helen, wadda makullin ke hannunta, mun same ta tana shara. Makullin tsawon ludayi. Ta zagaya da mu. Bakan ƙofar kudu zagayayye ne, ta ce shi ne mafi tsufa, ya haura shekara ɗari takwas. Bakunan ciki masu tsini jikokin magina na farko suka ƙara su. Dutsen dokin ƙofa ya lotsa a tsakiya saboda sawu. Bango farar ƙasa aka shafa masa, ta ce ba a yarda siminti ya taɓa shi, don yana tsare danshi a ciki har dutsen ya ruɓe. Sanyin wurin da warinsa sai suka tuna mini zauren Babanmu a Kano.

Daga nan na faɗi abin da ya kawo ni. Ta saurara har ƙarshe, ta girgiza kai. Ta ce ginin yana cikin waɗanda hukuma ta kare, ko ƙusa ba a bugawa sai da izini, izinin kuma yakan ɗauki watanni.

"Mama, listed building ne fa," in ji Nasiru. "Kin taɓa shi, kotu ce."

"Kai kuma wa ya tambaye ka?" na ce.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ƙetare teku, kuma tsohuwa ba ta da watannin jira. Misis Helen ta ce da an bar kowa ya ɓalli ƙwayar gyaɗarsa, da ban tarar da bangon ba. Gaskiya ta faɗa, amma gaskiyar ba ta sanyaya mini rai ba.

Mun juya ke nan ta kira ni. Ta nuna mini abin kwashe shararta: ɓurɓushin farar ƙasa da tsakuwoyi ƙanana da bangon ke zubarwa da kansa.

"Wannan ba wanda ya ɓallo shi," ta ce. "Kowace Asabar bola nake kai shi."

Ta tambayi inda su Dorati suke zama a cocin a da. Na ce kusa da ginshiƙi na biyu, ta hagu, kamar yadda tsohuwar ta sha gaya mini. Ta je can ta durƙusa, da tsufanta, ta sake sharo gindin ginshiƙin, ta juye mini a kwalbar zuma da ta wanke.

Komawa gida

A Philadelphia jami'in kwastan ya ɗaga kwalbar, ni kuwa na san ba a shiga da ƙasar gona. Na gaya masa komai. Ya buɗe, ya duba, ya ce dutse ne da farar ƙasa, ya rufe da kyau ya miƙo mini da hannu biyu.

Da na sauka a Greensboro Alhaji bai ko kai ni gida ba, muka wuce Sedgefield. Na same ta da rai, alhamdu lillahi. Ta buɗe kwalbar ta shinshina, ta daɗe idonta a rufe.

"Warin ranar Lahadi," ta ce. "Rabi, yanzu ko gobe ne ba komai."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni a kan lokaci, na gode wa Nasiru da shinkafarsa, da baiwar Allah mai tsintsiya. Da na isa gida na sayi katin waya na kira ƙanena a Kano. Na ce kafin su shafa wa zauren Baba simintin da suke ta shiri, ya sharo mini gindin bangon ya ajiye.