Hajiya Rabi da Izinin Rani

Ina tankaɗen gari da hantsi Zuwaira, ɗiyar Hajiya Rabi, ta kira ni daga asibiti a Damagaram. Ko sallama ba ta yi ba, ta ce, "Anti Hadiza, Inna ta cika." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na ajiye rariyar a ƙasa, na zauna a gindin turmi. Duk Matameye an san Hajiya Rabi ba ta da lafiya, ciwon suga ya daɗe yana cin ta har ya taɓa ƙoda. Amma wallahi har aka iso da gawarta bayan azahar ina ganin kamar za ta sauko daga motar ta yi mana faɗa, ta ce mun taru muna kuka ba mu shimfiɗa wa baƙi tabarma ba.

Malamar lekwal ce tun asali, wato makarantar boko, ita ta koya mini karatu, muna ce mata Madam. Da ta huta da koyarwa aka zaɓe ta a majalisar gari, daga baya ta jawo ni na shiga. Ranar da ta fara zuwa zaman majalisa ta tarar an jera wa maza kujeru a bakin tebur, mata kuma an ajiye musu benci a bakin ƙofa kusa da randar ruwa. Ta ɗauki kujera ta kai bakin tebur ta zauna. Wani dattijo ya yi gyaran murya, ta dube shi ta ce, "Alhaji, ban zo rigima ba, na zo zama." Ni kuwa ranar da na fara magana a wurin, kaina a sunkuye, muryata ko na kusa da ni bai ji ba. Ta taɓa ni da gwiwar hannu ta ce, "Ɗiyata, ɗaga murya, ba gaisuwar surukai kika zo yi ba."

Abin da ya fi ci mata rai shi ne rashin zuwan mata taro, kuma ta san dalili. Mazanmu da an gama girbi suke ɗaure kaya, wasu Kano, wasu Legas, nawa Fatakwal, sai ruwan shuka ke dawo da su. Miji in zai tafi yana barin matarsa a hannun uwarsa ko yayansa, su kuma ba sa ba da izinin abin da shi bai bayar ba. Tarurruka kuwa duk da rani ake yin su. Takan ce mana, "In ba ki zo ba, za su ce kin yarda."

Sai ta fito da dabararta. Da kaka, ana ɗaure damman gero, maza na shirin hanya, sai ta hau kabu-kabu ta bi gida gida, daga Matameye zuwa Kance, zuwa Kurni, zuwa Icirnawa. Ta zaunar da miji, ta kira uwarsa ko yayansa, ta kira limamin unguwa, ta ce, "Faɗa a gabansu cewa matarka za ta fita taro har ka dawo." Da farko maza suka yi ta noƙewa. Sai wani mutumin Kurni ya ce, "In dai tare da ke ne, Hajiya, na yarda." Shi ke nan, aka samu hanya. Kowane miji ya ɗauki wannan lafazi, maigidana ma haka ya faɗa a gaban yayansa Alhaji Sale. Hajiya ta karɓa da murna, mu ma muka yi guɗa, muka sa wa abin suna izinin rani. Da shi muka je Damagaram, da shi muka je Yamai, mu da a da ko kasuwa sai mun aika.

Sai shekarar da manyan ƙasashe suka yi faɗa aka rufe iyaka, mazanmu na can, mu muna nan. Abinci ya yi tsada, magani ya ɓace. Wata ƴar Kurni mijinta ya rasu a Legas, ta shiga takaba a kan labarin da direba ya kawo. Hajiya kanta likitanta a Kano yake, tafiyar da take yi a mota ta koma ta babur ta cikin daji, da ƙafafu kumbure. Ban taɓa ganin ta cikin fushi irin na lokacin ba. Ta ce, "A ɗakin da aka yanke wannan hukunci, da akwai mace ɗaya wadda mijinta ke bayan iyaka, da ta tambaye su me yara za su ci." Ko da majalisun gari suka daina zama, ba ta daina tara mu a tsakar gidanta ba.

Bana aka kira ta daga Yamai. Za a yi babban taron matan Afirka a ƙasar Habasha, a kan ba mata wurin zama inda ake yanke al'amuran nahiyar, kuma ana son ta zo da mace ɗaya daga bakin iyaka. Ni ta zaɓa. Ta tara matan Kance da Kurni da Icirnawa, kowacce ta faɗi abin da take so a faɗa wa manya, ta sa na yi ta maimaitawa har ya zauna mini a ka. Ana cikin shiri ciwon ya tashi, likita ya ce ba ita ba jirgi. Ta ce, "To, ke za ki je ke kaɗai. Maganar matan nan ba za ta ruɓe a cikinmu ba."

Muka je wurin Alhaji Sale don a sanar da shi, ina riƙe da hannunta saboda jiri. Ni na tsaya daga soro, ita ta shiga. Ina jin sa ya ce, "Hajiya, ƙanena cewa ya yi tare da ke. A gabana ya faɗa, a gaban liman. Ni amana aka bar mini, ba na ƙari, ba na ragi." Ta ce, "Alhaji, ka ga halin da nake ciki." Ya ce, "Allah ya ba ki lafiya, in kin warke ku tafi." Ba zan ce mugu ne ba, abin da ya ji shi ya riƙe. Ta kira maigidana, Baban Sadiya, a Fatakwal, ya ce shi ba zai warware ta wayar salula abin da ya ɗaure a gaban yayansa ba, a bari ya dawo shuka. Taron kuwa tun kafin hadari ya fara haɗuwa za a yi shi.

A hanyar komawa ta ce in tsaya ta huta. Ta jingina da katanga, sannan ta ce, "Hadiza, na yi kuskure. Ni suka ba izini, ba ku ba. Shekara da shekaru ina murna, ashe aron ku aka ba ni." Na ce, "Haba Madam, in ban da ke wa zai fito da mu?" Ta ce, "Shi ne kuskuren." Ta yi alkawari in Allah ya kai mu kaka za ta sake bin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, a sake faɗa, ba sunanta a ciki. Ban taɓa jin babba ta ɗauki laifi a kanta a gaban ɗalibarta haka ba, kuma na fi girmama ta a ranar fiye da kullum.

A wurin zaman makoki na ji maza suna ta yabo, wai namijin duniya ce, wai an yi rashin da ba za a maye ba. Raina ya ɓaci, na faɗa ne ba ɓoyewa. Da yawansu ta zauna a zaurensu tana roƙo, suka ba ta rabin abin da ta nema. An yi taron Habasha ana gobe sadakar bakwai. An tura wata baiwar Allah daga Yamai, na ji an ce ta yi magana mai kyau, amma ba ta san matar Kurni ba, ba ta san hanyar daji ba. Saƙon matanmu yana nan a kaina, ban isar ba.

Bayan bakwai na aika a gaya wa mata mu haɗu a gidanta kamar yadda muka saba. Daga Kurni aka aiko cewa an ce Hajiya ba ta nan, da wa za su fita? Haka Kance, haka Icirnawa. Zuwaira ta shimfiɗa tabarmi cike da tsakar gida, waɗanda suka zo zawarawa ne da tsofaffin da mazansu suka rasu. Zuwairar ce ta ba ni labari, domin ni da na kira taron ban je ba. Ina saka hijabi Alhaji Sale ya aiko matarsa ta tuna mini, cikin ladabi, cewa gaisuwar mutuwa ta ƙare.

Ya Allah, ga baiwarka Rabi ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, ka saka mata da kowace ƙofa da ta ƙwanƙwasa saboda mu. Ka ba Zuwaira da ƙannenta haƙuri, ka tsare mata jikokinta, ka raya gidan da ta bari. Mu kuma da ta bari a bayan ƙyaure, ka kai mu kaka da rai, ka ba mu bakin da za mu nema da sunanmu, domin yanzu babu sauran wadda za a ce a tafi tare da ita. Amin.