Littafin da Goggo Kaɗai Ta Karanta

Goggo yayar babanmu ce. Aikinta buga takardu da tafireta a wani ofishin lauyoyi, har ta yi ritaya. Tun da na yi wayo ita kaɗai na sani a ɗakinta, ciki da falo a bayan shagon mai gyaran fanka. Kantar falon ta lanƙwashe a tsakiya saboda nauyin littattafai, sauran kuma suna cikin kwalaye a ƙarƙashin gado.

Ran Asabar da yamma ake taruwa a wurinta. Akwai Mai Kemis, dattijon da ke cewa tun da tsofaffin marubuta suka shuɗe aka daina rubutu, aka koma surutu. Akwai Tela, ƙawarta, wadda ba ta barin sabon littafi ya kwana a kasuwa. Ni na shiga cikinsu bayan na fara koyarwa.

"Naku na da ɗin nan," in ji Tela, "sai an gaji da kwatanta ƙofar gida kafin mutum ya shiga."

"Naku na yanzu ai ba su da ƙofar ma," in ji Mai Kemis. "Ta taga ake faɗowa."

Goggo ce alƙaliya. Ba ruwanta da tsoho ko sabo, abu ɗaya ne ba ta yafewa. "In ka kawo mutum cikin labari, ka kai shi gida ko ka kai shi kabari," takan ce. "Kada ka bar mini shi a hanya."

Da tsufa ya kama ta, sai mantuwa ta shigo. Takan ajiye tabarau a cikin tukunya, ta kira ni da sunan mahaifiyata. Amma ba a daina zaman ba, don ran Asabar ce kawai idonta ke dawowa daidai.

Wata rana Tela na yabon wani sabon littafi, Goggo ta katse ta.

"Ni wanda ya ɓata mini rai shi ne na matar nan ta tashar mota."

Muka ce wanne ke nan.

"Wadda ta zauna a benci da ɗanta, suna jiran mota ta cika. Yaron bai kai shiga makaranta ba, yana da jar riga, takalminsa ɗaya ya tsinke. Ta buɗe littafi tana karantawa. Ya ja zanenta ya ce yana jin ƙishirwa, ta ce bari ta ƙarasa shafin nan. Da ta ɗaga kai babu shi." Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Shi ke nan fa. Marubucin bai sake cewa komai a kansa ba. Wannan adalci ne?"

Mai Kemis ya ce irin na 'yan zamani ne, Tela ta ce ita dai ba ta taɓa cin karo da shi ba. Na kwashe kwalayen nan kaf ina nema, na tambayi masu sayar da tsofaffin littattafai, ba wanda ya san shi.

Na ba babanmu labarin ina dariya, yana gyaran rediyonsa. Ya ajiye sukudireba.

"Rigar ja ce kuwa," ya ce. "Ɗanta ne, ni na saya masa. Ba a haife ki ba lokacin. Mun nema har ƙafafunmu suka kumbura. Abin da ya kashe aurenta ma ke nan. Ita ta hana a ƙara ambatonsa, muka yi shiru, har shirun ya zame mana jiki."

Na gaya wa Tela da Mai Kemis a bakin ƙofa, kafin mu shiga. Da Goggo ta sake ɗauko maganar, Tela ta gyara zama ta ce, "Ai yana da kashi na biyu, Yaya. Na samo shi."

Goggo ta kama hannun kujera. "Wa ya tsince shi?"

"Wani direba, mutumin kirki. Matarsa ba ta taɓa haihuwa ba, suka riƙe shi."

"Sun ba shi ruwa?"

Tela ta kawar da kai. Mai Kemis, wanda bai taɓa yarda a ƙara wa littafi ko wasali ba, shi ya amsa. "Sun ba shi, Hajiya. Tun a tashar. Ya sha ya ƙoshi."

Ta jinjina kai. Can ta ce, "Ita uwar fa, me kuka gani? Ni dai na ce ba ta cancanci a tausaya mata ba."

Muka yi ta musu da ita kamar yadda muka saba a kan kowane littafi. Ba ta sauka daga ra'ayinta ba. Kafin wata Asabar ta manta an yi, ta sake kawo shi daga farko, mu ma muka sake ba ta kashi na biyu. Haka muka yi ta yi har ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba.

A wurin zaman makoki na lura babanmu ya ƙi shiga ciki. Ya sa kujerarsa inda yake hango bakin titi, duk baƙon namijin da ya doso, mai furfura-furfura, sai ya miƙe tsaye tun kafin ya iso. Na kawo masa abinci ya ce in ajiye, kuma in matsa gefe, na tare masa hanya.