Abla Amatullah, Wadda Ta Koya Mana Yin Shiru

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, abokin aikina Dakta Munir ya kira ni ya ce Allah Ya yi wa malamarmu, Dakta Amatullah Abdulghaffar, wadda muke kira Abla, wato babbar yaya, rasuwa a gidanta da ke unguwar Ruwais a Jidda. Ta bar mijinta Hashim da 'yarsu ɗaya tilo, Layan, wadda tun daga ranar ta daina magana, ta daina cin abinci.

Abla, ni ce Hindatu, nas ɗin nan da ta zo daga Gusau tana ganin jinyar masu damuwa ƙwaya ce da allura kawai. Ke haifaffiyar Jidda, jikar alhazai, kika jawo mu falonki duk Alhamis bayan la'asar, likitoci da nas-nas, kina ƙara mana karatun tahlil nafsi, wato barin mutum ya yi ta magana har ya tono abin da ya binne a ransa.

Doka ɗaya kika kafa. “Ku Hausawa,” in ji ki kina dariya, sai ka ce ke ba Bahaushiya ba ce, “mutum bai gama buɗe baki ba kun toshe shi da ‘sai haƙuri’. Khalas, shi ke nan, ya haɗiye. Haƙuri gaskiya ne, amma a bari ya sauke kayansa tukuna.” Kai, mun sha wuya! Kikan haɗa mu biyu-biyu, ɗaya na ba da labari ɗaya na sauraro, wanda bakinsa ya suɓuce shi ke wanke kofunan shayi. Munir ya wanke har ya fi masu gidan sanin inda soso yake.

Jiya a zaman makokinki Hashim ya ja ni gefe. “Ukhti, yarinyar nan tana ba ni tsoro. Ki ce mata wani abu.” Mata na shiga suna fita, kowa da “sai haƙuri”, Layan na gyaɗa kai ido a bushe. Na zauna kusa da ita. Wallahi kalmar nan ta zo mini har leɓe, na danne ta. Shayinmu ya huce. Can ta ce da guntuwar Hausarta, tana kira na inna da Larabci, “Khala, ranar nan na yi fushi da Mama, na fita ban yi mata sallama ba.” Sai kuka ya ƙwace mata. Ban ce uffan ba. Ta yi ta magana har aka kira magariba, daga baya ta nemi a zubo mata shinkafa. Aikinki ne, Abla, ya dawo gidanki. Ina kewarki ƙwarai.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya karɓi karatun nan a matsayin sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hashim da Layan, da danginki na unguwar Hindawiyya, da ɗalibanki na Alhamis. Haƙuri kam za mu ba juna, amma sai kowa ya gama faɗin nasa.