Ɗinkakkiyar Ƙwarya a Ɗakin Amarya

Ɗiyar ƙanena ta ba ni kunya a gaban matan Dungas, kuma son da nake mata ba zai sa in ce ba ta ba ni ba. Ni na goye ta tun da uwarta ta rasu, ni na yi mata kitso har ta iya da kanta. Da aurenta ya zo sai ta ce ba ta son ko kwano ɗaya na kasuwa a ɗakinta. Ba ta son armuwar, kabad ɗin kaya mai madubi, ba ta son kujerun soso, ba ta son makaɗa, ba ta son rumfar haya. Wanda bai san garinmu ba zai ce ai ruwanta ne. A wurinmu idan ɗakin amarya ya zama wayam ba amarya ake kallo ba, wadda ta riƙe ta ake kallo.

Ni mai ɗaukar hoto ce. Ban shiga lakwal ina yarinya ba, sai da na aurar da ɗiyata ta fari sannan na zauna a ajin yaƙi da jahilci, gwiwoyina na ƙara a kan benci. A can wata malama ta ɗora mini kamara a hannu, ban sake sakinta ba. Ranar kasuwa ina ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa a bakin ma'aikatar magajin gari, sauran kwanaki kuma suna da biki. Ba ni da injin wanke hoto. Sai in cire ɗan katin da ke cikin kamarar in kai Magarya, wurin wani mai shago da muka daɗe muna aiki tare.

Shi kuwa ba wankewa kawai yake ba, gyarawa yake. Ya haskaka fuska, ya cire bangon ƙasa ya sa falo mai labule, wani lokaci har da mota a bayan mutumin da ko jaki ba shi da shi. Ba wanda ke roƙonsa, ba wanda ke hana shi, haka muka san hoto. Nawa ma na ranar da na karɓi takardar gama karatu haka ya yi masa. Ya share tsagar kumatuna, ya mai da ni fara sol, na rataye shi a ɗakina ina nuna wa baƙi.

Ita yarinyar tela ce, tana kuma rini. Angon nata mai zanen allunan shaguna ne, rabin kawunan da ke jikin allunan masu aski daga Dungas zuwa Bande hannunsa ne. Su biyun suka zauna suka yi komai da kansu. Shi ya sassaƙa gado da 'yan kujeru. Ita ta rina ƙyalle da baba har ya yi shuɗi mai duhu, ta ɗinka nata ta ɗinka nasa, ta saƙa fayafai ta jera. Bangon ɗakin suka shafe da jar ƙasa, suka ja zane da yatsunsu tun bai bushe ba. A tsakiyar bangon ta rataye ƙwaryar furar uwarta, wadda ta taɓa tsagewa aka ɗinke ta da zare.

Ana gobe ɗaurin aure ta zo ta durƙusa a gabana.

"Gwaggo, abu ɗaya nake roƙo. Ke za ki ɗauke mu. Kada ki kunna wutar kamara, kuma kada a gyara."

"Ɗakin naku duhu ne kamar rumbu. Me za a gani?"

"Ni za a gani. Kowa cewa yake fuskar Inna gare ni, ita kuwa ko sau ɗaya ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba. Ina so in zauna a ƙarƙashin ƙwaryarta da lallen aurena, ki ɗauke ni yadda nake. In na duba sai in san kamanninta."

Na ce na ji. Gaskiya ta faɗa, fuskar uwarta ce sak, baƙa mai sheƙi, har da ɗan karkatar da baki idan za ta yi gardama.

Da damina aka yi bikin. Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi lumshi, mata suka shigo ganin ɗaki. A cikinsu akwai yayar uwar ango, wata doguwar mata daga Waca, mai bakin da ba ya kwana da magana. Ta tsaya a ƙofa ta dubi gado, ta dubi fayafai, ta ɗaga kai ta dubi ƙwarya.

"To, ina jeren? Ko yana hanya a amalanke?"

Wata ta ce mata ai shi ke nan, amarya ce ta yi da hannunta.

"Sannunta da aiki. Ni na zaci ɗakin ajiyar kaka aka buɗe mana." Ta nuna ƙwaryar da haɓa. "Wannan ko kajina sai sun yi shawara kafin su sha ruwa a ciki." Sannan ta juyo gare ni tana murmushi. "Mai kamara, ɗauki da kyau fa. Ki ɗauki duk abin da kika saya wa ɗiyarki, kada ki bar ko cokali."

Aka yi dariya, har da waɗanda na ɗauki hoton sunan 'ya'yansu kyauta. Ni da ake tsoron bakina a kasuwa, ranar ni ake yi wa dariya. Me zan ce? In ce na tara mata tukwane ta ƙi karɓa? Sai su ce ga wadda ba ta isa da ɗiyarta ba. Na sunkuya ina murɗa kamara kamar wani abu ya lalace a jikinta.

Da suka fita cin tuwo na ɗauki hotunan. Amarya ta zauna a bakin gado, ƙwaryar na saman kanta. Hasken da ke shigowa ta ƙofa ya kama rabin fuskarta ya bar rabin. Hannayenta na kan cinya, lalle ya kama ja wur, amma a gefen farce shuɗin baba bai fita ba. Ango ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, yana kallon gefe saboda kunyata. Aka fara yayyafi, ƙamshin jar ƙasa ya cika ɗakin. Na duba ɗan gilashin kamara, na san ban taɓa ɗaukar irinsu ba. Amma kunnuwana ba su daina jin dariyar nan ba.

Bayan kwana biyu na kai katin Magarya. Mai shago ya zura shi a na'urarsa, ya matso da fuska.

"Hajiya, wannan duhun fa? Wutar ce ta mutu, ko idon ne ya fara?"

"Idon babanka. Amarya ce ta ce a bar su haka."

"Amarya ba ta san hoto ba. In na fitar da su haka za a ce shagona ya lalace, ke kuma a ce kin tsufa. Dubi bangon nan. Wa zai rataye wannan a ɗakinsa?"

Da na ce masa a'a, da ya bari. Yana tsorona, kuma ba yau ya fara ba. Amma sai na tuna cewa dangin ango za su karɓi nasu, hoton zai je Waca, matar nan za ta riƙa zaro shi daga jaka tana nuna wa duk wanda ya zo gaishe ta.

Na ce, "Gyara. Ka sa mata armuwar, babba."

Ya buɗe mini faluka iri-iri in zaɓa. Na zaɓi mai farin daɓe da labule ruwan zinariya, ni da yatsana na nuna. Ya kwashe hotunan zuwa na'urarsa ya miƙo mini katina. Kati ɗaya gare ni, kuma kasuwar Dungas na tafe, don haka kafin in hau mota na share shi tas kamar yadda na saba. Na kuma san halin mai shagon, ba ya ajiye na asali. Da na'urarsa ta cika yake sharewa, ya ce shi ba ya tara shara.

Da hotunan suka iso, matan unguwa na fara nuna wa. Suka karɓa suna juyawa. Ɗaya ta ce yanzu ne aka yi biki. Wata ta ce wallahi kamar amaryar Damagaram. Raina ya yi sanyi, ba zan ɓoye ba. Na sa su a leda na nufi gidan amarya da la'asar, ina tafe ina jin na rufa wa kowa asiri.

Na same ta tana taka keken ɗinki a ƙofar ɗaki, mijin yana wanke burushinsa a gwangwani. Suka shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Ta goge hannu a zane kafin ta karɓi ledar. Ta duba na farko, ta mai da shi baya. Ta duba na biyu. Ba ta yi sauri ba, sai da ta bi su duka, sannan ta dawo kan na bakin gado.

"Gwaggo, ina ƙwaryar Inna?"

A inda ƙwaryar take, agogon bango ne mai ruwan zinariya. Ni ban ma lura ba sai da ta tambaya. Armuwar nake ta kallo.

"Wannan kuma wace ce?"

"Ke ce mana."

Ta ɗaga hoton kusa da kumatunta, ta juyo gare ni don in gwada. Ta cikin hoton fara ce kamar an shafa mata alli, hancinta ya miƙe, shuɗin farcen ya tafi. Ban ga uwarta a ciki ba, ban ga ita ba.

Mijin ya so ya rage nauyin abin. Ya leƙa ta kafaɗarta ya ce, "Ni dai na gode, Gwaggo. An ba ni takalmi sau ciki, ga firji. Ko wuta ba mu da ita, amma a bar shi, zan riƙa ajiye fenti." Ba wanda ya yi dariya. Sai ya sassauta murya. "Ai na asalin suna cikin kamara, ko?"

Na ce na share.

Ban taɓa jin kalma ta yi mini nauyi a baki haka ba. Na yi sauri na ƙara da cewa ai ɗakin na nan, ƙwaryar na nan, gobe ma sai in zo mu sake ɗauka. Ta buɗe tafin hannunta ta duba.

"Lallen ya goge, Gwaggo."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga mini murya ba. Da ta yi, da na samu abin kamawa, don ni na iya faɗa. Ta jera hotunan ta mai da su cikin ledar, ta ce an gode, Allah ya saka da alheri, kamar yadda ake gaya wa baƙuwar da ta kawo gudummawa. Ta ɗauki ledar ta shiga ɗaki. Daga inda nake zaune ina hango ƙwaryar a bango, ga ɗinkinta, ga zanen yatsunsu a jar ƙasa. Ta tura ledar ƙarƙashin gado ta dawo kan kekenta.

A hanyar gida na haɗu da ɗaya daga matan da suka yaba. Ta ce amarya ta ji daɗi ko? Na ce mata ta tafi ta tambaye ta. Na shiga ɗakina, idona ya faɗa kan hotona na ranar takarda, farar matar nan marar tsaga da ke riƙe da takardata. Shekaru nake gaya wa baƙi ni ce. Tsagar nan irin ta uwata ce da kakata, kuma ni na biya aka share ta. Na juya fuskar hoton ga bango. Na kira mai shago, wayarsa a kashe. Na sake kira bayan magariba, haka.

Har yanzu ina nan a kan bakana cewa yarinyar ta bar ni a rana gaban mata, kuma da ta karɓi tukwanen nan da ba ta mutu ba. Amma ita abu ɗaya ta roƙe ni, kuma ta durƙusa ta roƙa.

Da asuba ban jira motar Magarya ta cika ba. Na tare ɗan kabu-kabu, na ce ya bi ta inda ruwa bai yanke hanya ba. Muka isa zanena duk taɓo. Shagon a rufe, na zauna a dokin ƙofa, masu kai awaki kasuwa suna ratsa ni suna kallo. Da mai shagon ya iso da makullinsa a hannu ya ja baya.

"Hajiya, lafiya? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Ka share na bikin ɗiyata?"

"Yau nake cewa zan yi shara, na'urar ta cika."

"Buɗe. Kunna ta a gabana."

Ya buɗe, ya kunna. Na jawo kujera na zauna dab da shi har gwiwata na taɓa tasa. Da fuskarta ta fito, rabi a haske rabi a duhu, ƙwaryar na samanta, sai na ga hannunsa ya nufi abin gyara kamar yadda ya saba. Na kama wuyan hannun na ɗora masa a cinya.

"Haka za ka wanke su. In an ce shagonka ya lalace, ka ce ni ce."