Dokin da Aka Huda wa Ciki

Hoton doki ne a tambarin makarantar da nake koyarwa a Gwammaja. Ni kuwa da shegen bakina na ce wa hedimasta yayana zai iya ƙera mana shi da ƙarfe, a kafa a bakin ƙofa. Yayan nawa mai walda ne a Ƙofar Ruwa. Shekara da shekaru ƙofa da taga kawai ake kawo masa, kuma na san abin yana cin ransa.

Wata biyu ya yi a kan aikin. Da tsohon tankin ruwa ya yi jikin, gezar kuma da sarƙar babur. Ranar da aka kafa dokin, wallahi sai da na yi ƙwalla.

Ba a yi kwana uku ba wasu iyayen yara suka zo, wai mun kafa gunki. Hedimasta, wanda ko kaza ce ta harare shi sai ya ba ta haƙuri, ya ce a cire kafin Juma'a. Na kira yaya a waya raina a ɓace. "To," kawai ya ce. Gara a ce ya yi faɗa.

Washegari malaminmu na addini, wani dattijo ɗan unguwar malamai ta Madabo, ya zagaya dokin yana ƙwanƙwasa shi da sanda.

"Malama, dabba za ta rayu da ciki a huje, ana hango can ta nan?"

"Ina fa, Baba."

"To abin da muka karanta, surar da ba za ta rayu a haka ba, hukuncinta ya sassauta. Gaya wa mai aikin. Iyayen kuma ki bar ni da su."

Na zaci yaya zai ƙi. Ya zo da injin yanka, ya daɗe tsaye, hannunsa a wuyan dokin. Sannan ya yanke cikin ta gefe biyu, ya lanƙwasa rodi ya jera masa haƙarƙari, abin da ba wanda ya sa shi. Malam ya sunkuya ya leƙa, ya hango allon aji ɗaya, ya ce, "Ya yi."

Juma'a ta wuce doki na tsaye. Har yau duk ƙarshen damina yaya yakan zo da gwangwanin fenti, ba tare da kowa ya kira shi ba.