Ranar da Muka Hau Bene da Raguna

A shekarun matsin tattalin arziki da mutanen Duwala ta Kamaru ke kira "kiriz", lokacin da gwamnati ta daina gina komai sai alkawari, muna zaune a wani benen hukuma a unguwar New Bell da aka fara aka watsar. Wai ofishin 'yan fansho za a yi. An ɗauki maigidana gadi, daga baya aka manta da shi, da albashinsa, da benen gaba ɗaya. Muka kwaso tabarminmu muka tare a ƙasa, shi kuma ya shiga kiwon ragunan layya a ɗakin da aka tanadar wa darakta. Tsoronmu ɗaya ne, kada wani a ma'aikata ya tuna da ginin ya kore mu. Duk da haka kullum safiya sai ya share harabar tas, kamar minista na kan hanya.

Sai ga wata mata mai shirya fim ta zo duba wurin. Tana ɗaukar hoton gine-ginen da gwamnati ta saki tun da masu ba ta bashi suka ce ta tsuke aljihu. Ta ce gobe za ta dawo da kyamara, kuma za a nuna a talabijin.

"Malam," na ce wa maigidana, "in ragon nan ya fito a talabijin, a ciyawar Yassa can bayan gari za mu kwana."

Da sassafe muka fara kwashe rayuwarmu zuwa hawa na biyu: tukwane, katifa, igiyar shanya, sannan raguna. Wanda bai taɓa tura rago a matakala ba, kada ya zo min da labarin wahala. Babban ya kafe, ina jan ƙaho, Malam na turawa yana salati, har ya kai zaune cikin dusa. Da aka gama ya cire hular gadinsa ya tsallaka wurin mai shayi ya zauna kamar baƙo. Ni aka bari a sama ina gadin bakunan dabbobi. Duk sanda na ji mai ɗaukar sauti ya ce "Silans!", wato a yi shiru, sai babban ya ɗaga kai zai yi kuka, in cusa masa ƙosai. Haka ya cinye karin kumallon gidan kaf.

Asirinmu ya rufu. Ragunan dai suka ƙi saukowa, sai a saman aka sayar da su, kowane mai saye ya sauko da nasa yadda Allah ya hore masa.

Bayan damina matar ta dawo ta haska fim ɗin a bangon wata makaranta, unguwa ta cika. Ga benenmu, ga harabar fes. Wata murya ta yi magana da Faransanci, wani malamin makaranta da ke kusa da mu ya fassara: "Nan babu kowa. Babu mai kula da shi, babu wanda ya damu."

Na ji maigidana ya yunƙura zai miƙe. Na damƙe rigarsa.

"Wa ya share wurin, to?" ya ce.

"Zauna, Malam. Abin da muka nema ke nan."

Ya zauna. Wallahi ya ba ni tausayi. Ba wanda ya zo korarmu. Amma washegari har rana ta take, tsintsiyarsa na jingine inda ya ajiye ta.